Ruwa ta Ƙarƙashin Ƙofa

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga kawunsa. Ina fatan ƙafar nan taka ta daina kumburi, kuma Inna da yara suna nan ƙalau.

Littafinka ya iso, na gode ƙwarai. Ka san karatuna, aji huɗu na tsaya, don haka sati uku na yi ina bin sa da yatsa, shafi biyar-biyar bayan an tashi daga aiki. Na ga gidan hayarmu a ciki tsaf: hawa huɗu, harsuna bakwai, famfo ɗaya a tsakar gida, da igiyar shanyar da kullum ake faɗa a kanta. Na gane wasiƙun da na shekara uku ina aiko maka ba su tafi a banza ba. Har Mai Ɗinki na gani, wadda take yi wa mutane faɗa da allura a baki. Na yi dariya ni kaɗai.

Sai na zo shafi na tamanin da huɗu. Ga abin da ka rubuta: "Mutanen tsallaken kogi suna shiga gari kamar ruwa ta ƙarƙashin ƙofa. Ba ka jin shigowarsu, sai dai ka tashi ka tarar tabarmarka ta ruɓe."

Kawu, rabin farko nawa ne. Rabin ƙarshe ba nawa ba ne.

Bari in tuna maka. Maigidana Mai Agogo mutumin tsallaken kogi ne, shi ma a gidan nan namu yake haya. Shekara biyar ke nan yana koya mini gyaran agogo, tun ina kasa riƙe hantsaki har ya ba ni mabuɗin shago. Bara waccan na yi zazzaɓin kwana shida. Ɗakina yana hawa na huɗu, daf da kwanon rufi, da tsakar rana ko ƙadangare ba ya zama. A rana ta uku na farfaɗo na ji tsumma mai sanyi a goshina, na ga an buɗe taga, an ajiye kofin ruwa kusa da kaina. Ga tsohon nan zaune a kan bokitina da ya kife, gilashin aikinsa a ido, yana gyaran agogon wani a kan gwiwa. Ya rufe shago ya hau matakala sittin da huɗu da ciwon bayansa. Na ce masa, "Baba, kai kamar ruwa kake ta ƙarƙashin ƙofa. Ba a jin shigowarka, sai dai a ji ɗaki ya yi sanyi." Ya yi dariya har gilashin ya faɗo daga idonsa. Tun daga ranar, duk safiya in ya iso ya tarar na buɗe shago sai ya kira ni da laƙabina ya ce, "Sannu-Sannu, ruwa ya iso." Na rubuto maka wannan duka a lokacin.

'Yarsa, wadda take aikin jinya, ita ta sayi littafin saboda kawuna ne ya rubuta, tana karanta masa bayan cin abinci. Ranar Alhamis na buɗe shago, na share, na jera kayan aiki. Ya shigo babu gaisuwar ruwa. Ya miƙo tafin hannu. Na ɗauka hantsaki yake so, na ba shi. Ya ajiye, ya sake miƙo hannun. Sai na gane. Na ciro mabuɗin na sa masa.

Ya ce, "Je ka ka shanya tabarmarka."

Kwana tara ke nan. Ban yi masa musu ba, domin maganar daga bakina ta fito, ya kuma san haka.

Ka ce mini za a sake buga littafin nan da wata biyu. Ina roƙonka, don girman Allah da darajar ƙanwarka da ta haife ni, ka gyara layin nan kafin a buga.

Ka gaishe da Inna. Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanka,
Sannu-Sannu

*

Zuwa ga ɗana,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni lafiya. Ƙafa da sauƙi, Innarka tana amsawa.

Na yi baƙin cikin abin da ya faru tsakaninka da maigidanka. Sai dai ina ganin daga kai har shi ba ku fahimci yadda ƙagaggen labari yake aiki ba, kuma ban ga laifinku ba.

Koma shafin ka duba wanda ya yi maganar. Ba ni ba ne. Dillalin gidaje ne, mutumin da ya fi kowa mugun hali a littafin, wanda a ƙarshe ya tozarta. Marubuci yakan sa mummunar magana a bakin mugu domin mai karatu ya ga muninta. Idan na cire ta, na wanke dillalin ke nan, na kuma yi ƙaryar cewa ba a faɗar irin wannan a garuruwanmu. Ana faɗa, kai ma ka sani.

Abin da kake magana a kai sunansa kamance, wato a ɗauko abu a jingina shi da wani domin a gan shi da kyau. Kamance ba mallakar kowa ba ne. Na ji naka ya yi daɗi, na ɗauka na sarrafa, kamar yadda kowane marubuci yake yi da abin da kunnensa ya tsinta.

Sannan ka karanta shafi na ɗari biyu da ɗaya. A nan malamin makaranta ya ba dillalin amsa, ya ce, "Gidan nan kamar tukunyar miya ne, kowane kayan haɗi da amfaninsa." Wannan shi ne saƙon littafin. Masana biyu sun yaba masa a jarida, ɗaya har ya ce littafin gada ce tsakanin al'ummu.

Ka kai wa maigidanka wannan shafin. Idan mai hankali ne, kamar yadda kake faɗa, zai sauko. Idan kuma bai sauko ba, shagon agogo ba shi kaɗai ba ne a duniya.

Ba zan taɓa layin ba. Allah ya yi maka albarka.

Kawunka

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin jin ƙafa ta yi sauƙi. A ci gaba da ɗora ta a kan matashi.

Na karanta wasiƙarka sau huɗu. Gaskiyarka, dillali ne ya faɗa. Na kuma koyi sabuwar kalma, kamance. Ni da kamar-kamar nake ce masa.

To amma Kawu, dillalin yana cikin littafi, maganar kuwa ta fito da ƙafarta ta bar shi a can. A gidanmu mutum uku ne kacal suka karanta littafin. Waɗanda suka haddace layin ruwa sun fi talatin, kuma babu wanda ya san da wani dillali.

Shekaranjiya da safe muna layin famfo, 'yar Mai Agogo ta sauko da bokiti, da farin kayan aikinta. Sai Mai Wanki, wanda ɗan harshenmu ne, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, a naɗe tabarmi, ruwa ya zo!" Aka fashe da dariya. Mai Ɗinki ta cire allura daga baki ta ce, "Kai tafi can, mai kan guga. Kai da ka zo gidan nan da buhu ɗaya, wa ya yi maka allura kyauta da ka taka ƙusa?" Amma dariyar ta riga ta fita. 'Yar Mai Agogo ta cika bokitinta ta hau.

Sai na ce bari in gwada maganin da ka ba ni. Na gyara murya na ce, "Haba jama'a, gidan nan kamar tukunyar miya ne, kowane kayan haɗi da amfaninsa."

Mai Shayi ya ce, "To madalla. Wane ne naman, wane ne gishirin?"

Mai Ɗinki ta ce, "Ni dai na san mu 'yan hawa na huɗu mu ne murfi, duk tururin a kanmu yake ƙarewa."

Mai Wanki ya ce, "Ni tambayata, wa ke riƙe da ludayi?"

Nan miyarka ta ƙare, Kawu, ko minti ɗaya ba ta yi ba. Jiya kuma wani ya kwarara ruwan wanke-wanke ta ƙarƙashin ƙofar Mai Agogo. Ba a san ko wane ne ba.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ka ba mugu wuƙa mai kaifi, ka ba na kirki cokali. Maganar dillali tana da ƙofa, tana da tabarma, mutum yana jin danshin a bayansa. Maganar malam kuwa ba wanda ya taɓa ganin ta da ido. Wanda ya faɗe ta bai taɓa bin layin famfo ba.

Akwai wani abu kuma. Da yake yanzu ba ni da aiki sai zama, na sake bin littafin da fensir, duk inda na ga "kamar" na ja layi. Mutanen harshenmu kowa da tasa kamar. Mai Ɗinki kamar keken ɗinkinta, ba ta tsayawa sai zare ya ƙare. Tsohon mai gadi kamar ƙofar da ta kumbura da damina. Kowace an auna ta a jikin mai ita. Amma mutanen tsallaken kogi, kamar ɗaya ka yanka musu su duka, irin rigar makaranta. A shafi na talatin suna fitowa aiki kamar tururuwa. A shafi na sittin da biyu harshensu kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Waɗannan biyun ba dillali ne ya faɗa ba, Kawu. Na duba da kyau. Mai ba da labarin ne.

Ban kai wa Mai Agogo shafin miya ba. Ina jin kunya.

Ka ce shagon agogo ba shi kaɗai ba ne. Haka ne. Amma mutumin da ya zauna a kan bokitina shi kaɗai ne. Kullum ƙarfe bakwai ina kan bencin Mai Shayi, daidai ƙofar shagon. In ya zo in miƙe in gaishe shi, ya wuce. In ya tashi in yi masa sai da safe, ya wuce. Mai Shayi ya ce na kusa fara biyan hayar benci. Ba zan daina zuwa ba, kuma ba zan daina rubuto maka ba.

Abu ɗaya nake roƙo yanzu. Na san Inna ba ta zubar da takarda. Ka nemi tsohuwar wasiƙar zazzaɓin nan, ka ajiye ta kusa da shafi na tamanin da huɗu, ka karanta su tare.

Na bar ka lafiya.

Ɗanka,
Sannu-Sannu

*

Zuwa ga marubuci,

Barka da aiki. Na sami adireshinka a bayan littafi. Ni ce 'yar Mai Agogo. Ɗan ƙanwarka bai san na rubuto ba.

Ba dogon bayani zan yi ba, aiki yana jirana. Na san dillali ne ya yi maganar. Na gaya wa mahaifina haka tun ranar. Ya ce shi bai san dillali ba, ya san wanda ya fara faɗa masa ita yana kwance yana rawar sanyi.

Mahaifina ya zo garin nan shekara talatin da ɗaya da suka wuce. A nan ya binne mahaifiyata. Ya iya harshenku har yana mafarki da shi. An sha zaginsa, ba ya ko ɗaga kai daga aiki. Amma da na karanta masa layin nan, sai ya sa na maimaita sau uku. Sannan ya ce, "Tabarmar wa na ruɓar?" Ko kai kana da amsa?

A wurin aikina, in aka ba mutum maganin da ya dace da wani, ba ma cewa ai maganin mai kyau ne. Muna zuwa mu gyara.

Kujerar ɗan ƙanwarka tana nan inda take. Mahaifina bai bari an matsar da ita ba, kuma agoguna sun taru, domin hannunsa ya fara rawa. Ba zai faɗa ba. Shi ya sa na faɗa.

Ka huta lafiya.

'Yar Mai Agogo

*

Ɗana Sannu-Sannu,

Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa.

Innarka ta nemo wasiƙar a cikin tsohuwar jakar takardu. Ita ta karanta mini da kanta, a tsaye, sannan ta ajiye a kan littafin ta fita. Ka san Innarka, wannan ya fi faɗa.

Na manta da bokitin. Wallahi na manta. Abin da ya zauna mini a kai shi ne ruwa da ƙofa, sauran ya zube. Na ɗauki yabon mutum ɗaya na mai da shi zagin jama'a guda, ina ganin gwaninta na yi. Na kuma duba shafi na talatin da na sittin da biyu. Babu dillalin da zan laɓe a bayansa. 'Yar maigidanka ma ta rubuto mini, ta yi mini tambayar da na kasa amsawa.

Ga inda muke. Mai buga littafin ya yarda a yi gyara, da sharaɗin kada shafuka su motsa: abin da aka cire, a mai da daidai tsawonsa. Tururuwa da tsakuwa na riga na cire su. Saura layin ruwa. Har yanzu ina ganin in na share shi na yi ƙarya, tunda yana bakin mutane. Na yi kwana uku ina neman kamancen da zai fi na dillali ƙarfi in sa a bakin malam. Na gwada zaren saƙa, na gwada bishiyoyin lambu ɗaya. Duk cokula ne, kamar yadda ka ce.

Ina da sati biyu. Shekara talatin ina rubutu ban taɓa tambayar kowa wannan ba: me zan sa?

Kawunka

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ka gaishe mini da Inna gaisuwa ta musamman.

Ni ma na gwada. Na ce gidanmu kamar cikin agogo ne, 'yan ƙarafa masu haƙora suna cizon juna, wannan ya juya dama wancan hagu, da haka lokaci yake tafiya. Na ji daɗinta har na faɗa wa Mai Shayi. Ya ce, "To kai ne wanne? Wanda aka cire aka ajiye a benci?" Na bar ta nan. Duk kamar da za ta rufe gida mai hawa huɗu, sai ƙafar wani ta leƙo.

Kada ka share maganar dillali. Ka yi gaskiya, ta riga ta fita. Kuma kada ka jira shafi na ɗari biyu, kafin nan mutane sun sauka famfo. A nan take, a shafin, ka sa wani ya tsaya masa. Ba malam ba. Ka sa Mai Ɗinki, ita ba ta jin tsoron kowa. Ta cire allura daga baki ta ce, "Wanne daga cikinsu? Faɗi sunansa." Dillali ba zai iya ba, don bai san ko ɗaya ba. Sai ta ce, "Ni na san ɗaya." Ta ba da labarin zazzaɓin, da matakala sittin da huɗu, da bokitin. Kada ka manta bokitin. Sannan ta ƙarasa maganar yadda take tun asali, cewa ba a jin shigowarsa sai dai a ji ɗaki ya yi sanyi.

Abin da na lura, Kawu, kamar tana kama da madaurin agogo. A hannu ɗaya ake auna ta. In ka ce za ka ɗaura wa mutum dubu, ta zama igiya.

In wuri bai isa ba, akwai bayanin faɗuwar rana a saman shafin, layi goma sha ɗaya. Na ƙirga. Ranar za ta faɗi ko ba ka rubuta ba.

In an buga, ka aiko guda biyu. Ɗaya zan ba 'yarsa. Ɗayan zan tsaya da shi a famfo in karanta da ƙarfi, ko zai ɗauke ni awa guda, ko Mai Wanki zai mutu da dariya. Na fara koyon karatu ba yatsa.

Yau kwana hamsin da uku a benci. Jiya da na gaishe shi ya ɗan tsaya kafin ya wuce. Ko takalminsa ne ya kwance, ban sani ba.

Allah ya taimaka.

Ɗanka,
Sannu-Sannu

*

Kawu,

Assalamu alaikum. A gurguje.

Littattafan sun iso ranar Litinin. Na karanta a famfo ranar Talata, na yi tuntuɓe sau uku. Mai Ɗinki ta sa na maimaita wurinta, yanzu duk wanda ya ce "mutanen kaza" sai ta ce, "Wanne daga cikinsu?" Mai Wanki bai daina wasansa ba, amma masu taya shi dariya sun ragu.

'Yarsa ta ce ta karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce bokitin ba shuɗi ba ne kamar yadda ka rubuta, kore ne. Laraba na gaishe shi, ya wuce.

Yau da rana na hau ɗaki na ɗan kishingiɗa, barci ya ɗauke ni. Da na farka na ga taga a buɗe. Mabuɗin shago yana kan tabarmata.

Ban ji shigowarsa ba.

Gobe ƙarfe bakwai zan buɗe. A gaishe da Inna.

Ɗanka,
Sannu-Sannu